Takarda biyu, jini ɗaya: muhawara kan awon kitsen jini da awon zuciya a Maraɗi

Alhaji Lawali:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina da magana da nake so masu ilimin lafiya da ke cikinmu su duba mini, domin tun jiya da dare nake juya takardu biyu a hannuna. Wata uku da suka wuce na je Katsina sarin atamfa, jiri ya ɗebe ni a cikin kasuwa, abokin cinikina ya kai ni wani ɗakin awo aka ɗebi jinina. Sakamako ya nuna kolestarol, wato kitsen jini, 6.2, likitan da ya duba ya ce ya yi yawa, ya rubuta mini ƙwayar da zan riƙa sha kowane dare. Da na dawo gida ban sayi ƙwayar ba, saboda wani dattijo da nake ganin girmansa ya ba ni shawarar in dage da ruwan zogale da tafarnuwa da lemun tsami kowace safiya, na kuwa yi hakan ba fashi. Shekaranjiya na sake awo a nan Maraɗi, takarda ta fito da 2.40. Daga 6.2 zuwa 2.40 ai ya ragu fiye da rabi. Tambayata ita ce, in ci gaba da zogalen ko in dakata haka nan? Shekaruna 58, ina da hawan jini da ciwon sukari, ina kuma shan maganinsu.

Malam Saley:
Wa alaikumus salam. Alhamdu lillahi, Alhaji, Allah ya ƙara sauƙi. Wannan shi ne abin da muka daɗe muna faɗa, cewa akwai magani a cikin abin da muke shukawa a bayan gida, ba sai mutum ya ɗaure kansa da ƙwaya har ƙarshen rayuwarsa ba.

Rakiya, ma'aikaciyar ɗakin awo:
Kawu, ina wuni. Kafin a yi murna ina roƙonka ka dubi takardun nan biyu da kyau, ka karanto mana ƙananan haruffan da aka rubuta a gefen kowane adadi. Ka kuma karanto sauran layukan da ke takardar Maraɗi, kada ka tsallake ko ɗaya.

Alhaji Lawali:
Lafiya lau, ɗiyata. A takardar Katsina an rubuta mmol/L a gefen 6.2. A ta Maraɗi kuma g/L aka rubuta. Sauran layukan su ne HDL 0.38, tirigiliserid 2.10, sai LDL 1.60, duka da g/L.

Rakiya, ma'aikaciyar ɗakin awo:
Kawu, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa, domin na san wahalar da ka sha cikin watannin nan uku. Kitsen jininka bai ragu ba ko kaɗan. Takardun biyu abu ɗaya suke faɗa da ma'auni biyu, kamar yadda turmin atamfa guda yake da kuɗinsa a naira yake kuma da kuɗinsa a sefa, ba tare da turmin ya ƙaru ko ya ragu ba. A ɗakunan awo na Najeriya an fi rubuta milimol a lita ko miligiram a desilita, mu kuma a nan mun gaji giram a lita daga tsarin Faransa. Milimol ɗaya na kolestarol daidai yake da giram 0.387, saboda haka idan ka ninka 6.2 da 0.387 za ka samu 2.40 cif. Da a ce wani ɗakin ya rubuta maka da miligiram a desilita, da 240 za ka gani, da kuma hankalinka ya tashi ka ɗauka ya ninku sau arba'in, alhali jinin nan dai shi ne.

Ba kai kaɗai wannan ya taɓa faruwa da shi ba. Garinmu yana bakin iyaka, mutane suna awo a Katsina ko Kano su zo su sake a nan, kuma ba a cika yin wata ba tare da wani ya miƙo mini takardu biyu ta taga yana murna ko yana cikin firgici ba. Abin da ake so ga jimillar kolestarol shi ne ƙasa da giram 2, wato milimol 5.2. Tirigiliserid kuma, wanda wani nau'in kitsen jini ne dabam, ƙasa da giram 1.5, wato milimol 1.7, kuma lissafinsa dabam ne, ba a ninka shi da 0.387. Naka ya haura a duka biyun, HDL ɗinka kuma ya gaza 0.40 da ake so ga namiji.

Alhaji Lawali:
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na gode, ɗiyata, gara da na tambaya. To wanne ne ya fi muni a cikin huɗun?

Dokta Mahamman:
Alhaji, Allah ya ba da lafiya. Rakiya ta yi bayani daidai, bari in ɗora daga inda ta tsaya. Kitse ba ya narkewa cikin ruwa, saboda haka jini yana ɗaukarsa ne a cikin wasu ƙananan ƙunsuna. LDL shi ne ƙunshin da ke kai kolestarol zuwa sassan jiki, kuma idan ya yi yawa yana shiga bangon jijiya ya zauna, shekara da shekaru yana taruwa har hanyar jini ta ƙuntace. Wata rana tarin ya tsage, jini ya daskare a kansa, jijiya ta toshe. Idan jijiyar zuciya ce, bugun zuciya ke nan. Idan ta ƙwaƙwalwa ce, shanyewar ɓarin jiki. HDL kuma yana kwaso kolestarol ya mayar wa hanta. A takardarka LDL ne ya fi damuna.

Abin da nake so kowa ya fahimta shi ne, babu adadin LDL guda da ya dace da kowa. Saurayi ɗan shekara talatin da ba shi da wata cuta, idan ya zo mini da 1.20 zan yi masa maganar abinci da motsa jiki ne kawai. Kai kuwa namiji ne mai shekara 58, ga sukari ga hawan jini, haɗarinka ya riga ya hau tun kafin a ɗebi jininka. Ƙa'idar da ƙungiyar likitocin zuciya ta Turai ta fitar a 2019 tana so a sauko da LDL ɗin mai babban haɗari ƙasa da giram 0.70, wanda ya taɓa samun bugun zuciya kuma ƙasa da 0.55. Naka yana kan 1.60, ya zarce ninki biyu. Adadin da ɗakin awo ke bugawa a gefen takarda a matsayin "daidai" na kowa da kowa ne, bai san kana da sukari ba.

Zogale abinci ne mai kyau, ka ci gaba da cin kwaɗonsa. Amma ka gwada shi wata uku, takarda ta ba ka amsa da kanta. Mafi yawan kolestarol ɗin da ke cikin jini jiki ne yake haɗa shi, musamman hanta, shi ya sa ƙwayoyin sitatin, irin su atorvastatin, suke aiki: suna rage wa hanta wannan haɗin, kuma mai ƙarfinsu yana iya sauke LDL da kusan rabi. Ka koma wurin likitan da ke duba sukarinka da takardun biyu, ya sake rubuta maka, a sake awo bayan mako 4 zuwa 12 da farawa.

Malam Saley:
Dokta, na karɓi gyara a kan maganar zogale, lissafi ba ya ƙarya. Amma ina da ƙorafi wanda ba na Alhaji ba ne, na talakawan da nake zaune cikinsu ne. Alhaji yana da halin yin awo a Katsina ya sake a Maraɗi ya kuma sake bayan wata biyu. Manomin Gidan Rumji ko mai tallar fura a Sabon Gari fa? Mutum zai zo da ciwon kai, a rubuta masa takardar awo mai layi goma, ya sayar da akuya ya biya, sannan kuɗin magani ya gagare shi. Ni na ga wannan da idona a kan maƙwabcina, ya dawo gida da takardu cike da lambobi, babu ƙwaya ko ɗaya a aljihunsa. Shin wannan awon kitse dole ne ga kowa, ko kuwa ya zama hanyar ciniki?

Dokta Mahamman:
Malam Saley, ƙorafinka yana da tushe, ba zan kare abin da bai karu ba. Awon da ba zai sauya abin da likita zai yi ba asarar kuɗi ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta san da wannan, shi ya sa a jadawalin ƙiyasin haɗarin cututtukan zuciya da ta sabunta a 2019 ta yi iri biyu, ɗaya mai buƙatar awon jini, ɗaya kuma wanda ba ya buƙata, shekaru kawai ake dubawa da jinsi da shan taba da hawan jini da nauyin jiki gwargwadon tsawo. A ƙauye, abin awon hawan jini da sikeli za su tsamo mutane da yawa da ke cikin haɗari ba tare da an taɓa allura ba. A ganina kuma, a yankinmu hawan jinin da ba a sani ba ya fi kitse yi mana ɓarna.

Sai dai akwai waɗanda ba zan yarda a hana su awon ba: mai ciwon sukari, mai hawan jini da ya manyanta, mai ciwon ƙoda, wanda ya taɓa shanyewar ɓarin jiki ko ciwon zuciya, da wanda a gidansu ake mutuwar fuju'a tun da ƙuruciya. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci, domin akwai yawan kolestarol na gado, wanda ake ƙiyasta yana samun kusan mutum ɗaya cikin 250 zuwa 300, kuma mai shi yana iya zama siriri ƙwarai. Ƙiba ba ita ce shaida ba, rama kuma ba kariya ba ce.

Malama Zeinabu:
Ina da tambaya ga Rakiya. Ranar da na kai mahaifiyata awo an ce ta zo ba ta ci komai ba. Ita kuma mai sukari ce, muka zauna kan benci tun ƙarfe bakwai har sha ɗaya, jikinta ya fara rawa, gumi ya keto mata, sai da na fita na samo mata kunu, aka ce mu dawo gobe. Ko ruwa ba ta sha ba, domin ta ɗauka irin azumin watan Ramadana ake nufi. Shin lallai ne sai da wannan wahala?

Rakiya, ma'aikaciyar ɗakin awo:
Malama, sannu, Allah ya ba Inna lafiya. Da farko, ruwa ba ya ɓata wannan awo, ana ma so a sha, domin wanda ƙishirwa ta kama jijiyarsa tana wuyar samu, jininsa kuma yana yin kauri. Abin da aka saba shi ne a bar abinci awa 12, a ci tuwon dare da wuri a zo da safe, ba shayi ba koko ba fura. Dalilin kuwa tirigiliserid ne, shi ne ke hawa bayan cin abinci, jimillar kolestarol da HDL ba sa motsawa sosai.

Akwai kuma abin da mutane ba su sani ba. A mafi yawan ɗakunan awo ba a auna LDL kai tsaye, lissafa shi ake yi da wata ƙa'ida da ake kira ta Friedewald, wadda aka wallafa a 1972: a cire HDL daga jimilla, a kuma cire kashi ɗaya cikin biyar na tirigiliserid. Ku gwada da takardar Kawu, 2.40 a cire 0.38, a cire 0.42, saura 1.60. Idan tirigiliserid ya wuce giram 4 wannan lissafi ya rushe, kuma ma'aikaci mai amana ba zai rubuta LDL ba, zai rubuta cewa ba ya lissafuwa. Na taɓa juyawa a inji jinin wani mahauci da ya zo bayan ya karya kumallo da nama mai kitse, da na ɗago kwalbar ruwan saman ya yi fari kamar an zuba madara, maimakon ruwan ɗorawa garau da muka saba gani.

Amma a 2016 ƙungiyoyin masana kitsen jini da na ɗakunan awo na Turai sun fitar da matsaya cewa ga yawancin mutane ba dole ba ne a bar abinci, sai idan tirigiliserid ya fito da yawa sosai a sake da yunwa. Ga tsohuwa mai shan maganin sukari, faɗuwar sukari a kan benci ta fi ɗan bambancin adadi haɗari nesa ba kusa ba. Ku gaya wa likita tun farko, ya rubuta a takarda cewa ta ci abinci, ko kuma ku nemi a fara da ita. Ni dai ra'ayina, duk ɗakin awo ya kamata ya fara ɗibar masu sukari kafin kowa.

Wasu ƙananan abubuwa ma suna taɓa sakamako. Ya kamata mutum ya zauna aƙalla minti biyar kafin a ɗiba, kada kuma robar da ake ɗaure dantse ta wuce minti ɗaya. Juna biyu yana ɗaga kitsen jini, haka ma raunin aikin tayirod, wato ƙullin wuya da ke kumbura ya zama maƙoƙo, da wasu cututtukan ƙoda. Wanda ya tashi daga zazzaɓi mai tsanani kuwa adadinsa yakan faɗi, ya fi kyau a jira ya murmure.

Hajiya Mariyama:
Ku yi mini afuwa in shigo da wata magana, tun ɗazu nake karantawa zuciyata tana nauyi. Bara yayana ya rasu, shekarunsa 52. Bayan sallar azahar ya ce ƙirjinsa ya ɗaure kamar an aza masa buhu, ciwon yana sauka hannun hagu, ga gumi ya jiƙa masa riga alhali yana zaune a inuwa. Ba a yi awa ɗaya ba ɗansa ya sa shi a adaidaita zuwa wani ƙaramin asibiti. Aka ɗebi jini, aka ɗiga a wani ɗan farin faranti kamar na awon zazzaɓin cizon sauro, layi ɗaya ya fito. Aka ce zuciyarsa lafiya lau, gyambon ciki ne, aka ba shi ruwan magani fari ya dawo gida. Na je na same shi ya jingina da bango yana cewa da sauƙi. Kafin asuba Allah ya yi masa cikawa. Na yarda kwana ya ƙare, amma har yau ina tambayar kaina, yaya awo zai ce lafiya a kan mutumin da ke mutuwa?

Alhaji Lawali:
Allah ya jiƙansa da rahama, Hajiya, ya sa aljanna ce makomarsa, ya ba ku haƙuri.

Dokta Mahamman:
Amin. Hajiya, Allah ya jiƙan Yaya, ya raya abin da ya bari. Ban duba shi ba, saboda haka ba zan yanke hukunci a kan abin da ya yi ajalinsa ba, amma zan amsa tambayarki dalla-dalla domin amsar tana iya ceton wani a cikin zauren nan.

Abin da wannan faranti yake nema sunansa turoponin. Wani sinadari ne da ke cikin naman zuciya, yana cikin abin da ke sa ta matsewa da sakewa. Idan jini ya yanke wa wani sashe na zuciya, naman ya fara mutuwa, sai turoponin ya riƙa tsiyayowa cikin jini. Amma tsiyayowa yake yi sannu a hankali. Da awo irin na da, sai an yi awa 3 zuwa 6 da fara ciwo kafin ya taru har a gan shi, ya kai ƙololuwa cikin kwana guda ko makamancin haka, ya kuma daɗe a jini mako ɗaya zuwa biyu. Wanda aka ɗebi jininsa awa ɗaya da fara ciwo, layi ɗaya ba ya nufin zuciya lafiya take, yana nufin lokaci bai yi ba tukuna. Wanda ya je bakin Gulbi da hantsi bayan an yi ruwa a Katsina da asuba ya tarar da yashi, bai isa ya ce ba a yi ruwa ba.

Shi ya sa ƙa'ida ita ce a riƙe marar lafiya a sake awo bayan awa 3 zuwa 6, a dubi ko adadin yana hawa. Akwai sabon awo mai tsananin ganowa, wanda inji ke yi ya ba da adadi da nanogiram a lita, da shi ana iya sakewa bayan awa ɗaya ko biyu ko uku. Farantin layi biyu bai kai shi gani ba ko kusa.

Sannan tun kafin maganar jini, mai ciwon ƙirji irin wanda kika bayyana yana buƙatar awon ECG, wanda ake manna wayoyi a ƙirji takarda ta fito da zane, kuma ana so a yi shi cikin minti goma da isowarsa. Idan zanen ya nuna babbar jijiya ta toshe, ba a jiran turoponin ma, ana fara magani nan take, domin allurar narkar da daskararren jini ta fi amfani a awannin farko, bayan awa 12 kuma amfaninta ya ragu ƙwarai. ECG na farko ma yana iya fitowa lafiya, a sake shi. Mu da ke da tazarar fiye da kilomita 600 tsakaninmu da Yamai, ba mu da awannin da za mu ɓatar. Idan wurin da aka je ba su da ECG, alherin da za su yi wa marar lafiya shi ne su tura shi babban asibiti nan da nan.

Alhaji, wannan ya shafe ka kai tsaye. Masu sukari da mata da tsofaffi sau da yawa ba sa jin ciwon ƙirjin da aka sani, sai dai zafi a bakin ciki, ko tashin zuciya, ko haki, ko gumi mai sanyi da kasala. Da yawa an sallame su da sunan gyambon ciki.

Hajiya Mariyama:
Na gode, Dokta. Da mun san haka da ba mu bar wurin ba. Yanzu na fahimci abin da zan gaya wa ƴaƴansa, domin babbansu ya kusa talatin, kuma kakansu ma haka ya tafi farat ɗaya.

Dokta Mahamman:
To lallai su yi awon kitsen jini, Hajiya, dukansu, maza da mata, su kuma gaya wa likita tarihin gidan.

Rakiya, ma'aikaciyar ɗakin awo:
Allah ya jiƙansa, Hajiya. Bari in ƙara abin da ya shafi ɓangarenmu, domin mu ma muna da hakki a wuyanmu. Irin waɗannan faranti an rubuta a kwalinsu cewa a ajiye su tsakanin digiri 2 zuwa 30. Duk wanda ya san Maraɗi a watan Afrilu ya san zafi yana wuce 40 a inuwa, cikin ɗaki mai rufin kwano kuwa ba a magana. Kwalin da ya yi bazara a kan kanta ba abin dogaro ba ne ko da kwanan watansa bai ƙare ba. Haka ruwan sinadaran da muke auna kolestarol da su, firigo suke so, idan wuta ta ɗauke ta daɗe babu injin wuta suna iya lalacewa ba tare da kamanninsu sun sauya ba. Shi ya sa kowace safiya, kafin in taɓa jinin kowa, nake fara sa wa inji wani ruwan gwaji wanda an riga an san adadinsa. Idan inji ya ba da abin da ba shi ba, ranar ba zan fitar da sakamako ba sai an gyara. Ba rashin kunya ba ne mutum ya tambayi ɗakin awo ko suna yin wannan.

Jinin da ya fashe wajen ɗiba, wanda ruwansa ya yi ja, shi ma yana iya karkatar da turoponin, gara a sake huda mutum da a ba da adadin ƙarya. Ina kuma roƙon masu rakiyar marasa lafiya su riƙe lokacin da ciwo ya fara, ko da da sallah za su ƙiyasta, a ce bayan azahar ko kafin la'asar, domin ba tare da wannan ba likita ba zai san yadda zai karanta sakamakonmu ba.

Nasiru, ɗalibin likita:
Dokta, barka da dare. A Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo muna karanta CK-MB da miyogulobin, waɗanda su ma sinadarai ne da ke fitowa cikin jini idan naman zuciya ya ji rauni, tare da turoponin. Idan turoponin ya fi su, me ya sa har yanzu ake ganinsu a takardun awo? Kuma duk wanda turoponin ɗinsa ya hau bugun zuciya ne?

Dokta Mahamman:
Nasiru, tun shekarar 2000 masana zuciya na Turai da Amurka suka sa turoponin a gaba wajen tabbatar da bugun zuciya, domin shi na naman zuciya ne. Miyogulobin yana fitowa da wuri, amma ko faɗuwa daga kabu-kabu tana ɗaga shi. CK-MB yana hawa cikin awa 4 zuwa 6 ya sauka cikin kwana biyu zuwa uku, ya rage amfani ne inda babu turoponin. Rubuta su ukun tare shi ne irin abin da Malam Saley yake kuka da shi.

Tambayarka ta biyu ta fi muhimmanci. Turoponin yana cewa naman zuciya ya ji rauni, ba ya faɗin abin da ya ji masa. Ciwon ƙoda mai tsanani, kumburin naman zuciya, daskararren jini a huhu, cutar da ta bazu a jini, gazawar zuciya, duk suna ɗaga shi. Ba a kiran abu bugun zuciya sai adadin ya haura iyaka, an ga yana hawa ko yana sauka, sannan ga alamu ko sauyin ECG. Mai ciwon ƙoda da adadinsa yake tsaye wuri ɗaya safe da yamma, labarinsa dabam ne.

Hajiya Aishatu, ungozoma:
Dokta, kada a tashi ba a ambaci masu jego ba. Mu abin da muke gani shi ne mace ta haihu lafiya, bayan mako uku ko wata biyu ƙafafu su kumbura, ta kasa kwanciya sai a zaune, tari ya hana ta barci, a gida kuma a ce sanyi ne ya shige ta. Wane awo ne nata?

Dokta Mahamman:
Hajiya, kin taɓo babban abu. Gazawar zuciya ta bayan haihuwa ta yi yawa a ƙasar Hausa, tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka yi rubutu a kanta. Awon jininta shi ne BNP ko NT-proBNP, sinadarin da zuciya ke fitarwa idan ta cika ta miƙe fiye da kima. Ƙarfinsa yana wajen kore zato: ga wadda ta zo da haki na gaggawa, idan NT-proBNP bai kai 300 ba, da wuya a ce zuciya ce. Idan ya hau, hoton zuciya na eko ne zai tabbatar. Amma macen da kika bayyana ba ta buƙatar jiran wani awo kafin a tura ta, alamunta sun isa, kuma a dakatar da kunun kanwa da yawan gishiri har likita ya gan ta.

Malam Saley:
Na ji, kuma na ƙaru. Har yanzu ina nan kan bakana cewa a riƙa tausaya wa aljihun talaka, amma na gane sake turoponin bayan awanni ba ya cikin abin da za a yi wa rowa. Dokta, idan kuɗin mutum na awo ɗaya ne tak, yaya za a yi?

Dokta Mahamman:
A yi ECG tukuna, a riƙe shi a asibiti ana lura da shi, a ɗebi jinin bayan awa shida da fara ciwo maimakon a ƙone kuɗin a awar farko. Likitan da ke gabansa ne zai yanke, amma ni haka nake yi idan hali ya ƙure.

Alhaji Lawali:
Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na ciro takardar maganin Katsina daga cikin littafin bashi inda na ajiye ta, ranar Litinin in sha Allahu zan kai wa likitana ita tare da sakamakon biyu. Ɗiyata, idan na fara ƙwayar, awon da zan sake bayan wata biyu a nan zan yi shi ko in bari sai na shiga Katsina?

Rakiya, ma'aikaciyar ɗakin awo:
A nan za ka yi shi, Kawu, a ɗakin da ka yi na shekaranjiya, domin inji ɗaya da ma'auni ɗaya su ne za su nuna mana ko LDL ya sauka daga 1.60. Ka sha ruwanka da safe, ka tambayi likita yadda za ka yi da ƙwayar sukari a ranar, ka kuma zo da wuri. Ka gaida mini Gwaggo.